Mustang 1968 da tsatsa ta ci: a yanke duk gefen baya ko a yi faci?

Sadiq Columbus: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu sanin aikin bodi ku matso kusa. Watan jiya na yi abin da na daɗe ina mafarki, na sayi Ford Mustang ƙirar 1968 a hannun wani dattijo a nan Ohio, ta fi shekara 20 tana ajiye a rumbun gona. Injin 289 ne, wato lambar girman injin, kuma ya tashi bayan mun canza batir da fulogi mun wanke kafireto, to inji ba shi ne damuwata ba. Bodi ne. Gefen baya na hagu, wanda suke kira kwata fanel, daga bakin taya zuwa ƙasa duk fentin ya kumbura kamar ƙuraje, na sa sukundireba na ɗan danna kawai sai ta shige ciki. Na bi wajen da maganaɗisu, a wurare da yawa baya kamawa, wato wani ya taɓa cika shi da fila, ƙullun nan da ake cike lotsewar bodi da shi. Tambayata, in sayi sabon fanel ɗin gaba ɗaya in yanke tsohon, ko in yanke inda ya ruɓe kawai in yi faci? Ina da ƙaramin injin walda na MIG, mai tura waya da gas, a gareji amma ni ɗan koyo ne.

Abba Zongo: Wa alaikumus salam. Kai Sadiq Allah ya sanya alheri, amma nawa ka saya? Faɗa mana gaskiya

Sadiq Columbus: Abba madam tana cikin group ɗin nan ta wayar ƙanwarta, bar maganar kuɗi hhh

Ɗan Maraɗi: Ni dai shawarata ka saida ta tun kwalliya bata gama zubewa ba. Shekara nawa ina ɗauko motoci daga Kwatano, wallahi in na leƙa ƙarƙashin mota na ga ta fito daga jihohin ƙanƙara bana ma tsayawa ciniki. Sama tana walƙiya ƙasa kamar gara ta ci, kyan ɗan maciji. Kuma wannan motocin shekara goma sha ne, balle ta 1968.

Nura Detroit: Ɗan Maraɗi gaskiyarka kan gishiri, a nan Michigan da Ohio duk hunturu ana watsa shi a titi don ya narkar da ƙanƙara, mu nan Detroit ma a ƙarƙashin garin akwai mahaƙar gishiri. Motocin wancan zamani kuma ba a yi musu rufin zink ba kamar na yanzu, shi ya sa duk mai neman tsohuwar mota mai lafiya yake tafiya Arizona ko Kalifoniya. Amma saidawa ba ita ce amsa ba, Mustang tana cikin motocin da aka fi samun kayansu a duniya, kusan kowane ƙarfe na jikinta ana buga sabo.

Sadiq kafin ka sayi ko da kusa ɗaya, yi min abu ɗaya. Akwai ragar iska tsakanin bonet da gilas ɗin gaba, ƙarƙashinta wani akwati ne da suke kira kawul. Cire kafet, ka sa wani ya zuba ruwa bokiti guda a ragar, kai kuma ka kwanta a ƙarƙashin dashbod da tocila. Mustang daga 1965 zuwa 1968 nan ne ciwonsu, ganye da ƙasa suna taruwa a ciki su toshe hanyar ruwa, cikin akwatin kuma fenti bai kai can sosai ba, sai ya ruɓe ruwa ya dinga sauka a ƙafar direba. In ka ga daɓen mota ya ruɓe a gaba to galibi daga sama aka jiƙa shi ba daga titi ba.

Baba Lawandi Fanel Bita: Salamu alaikum. Yarona ne ya nuna min wannan magana ya ce in sa baki. Ni shekarata 41 a aikin bodi a Kano, ban taɓa taɓa wannan mota taku ba amma ƙarfe ƙarfe ne. Ɗana Sadiq kar ka yanke gefen nan gaba ɗaya. Ƙarfen da kamfani ya buga ya ɗora da kansa, ya zauna shekara hamsin da wani abu a wurinsa, babu wani sabo da zai zauna kamarsa. Ka kankare fentin har ka ga farin ƙarfe, ka bi ruɓar har inda ta tsaya, ka ƙara kamar yatsa biyu a cikin mai lafiya, ka yanke nan. Ka ɗauko kwali ka fitar da siffar ramin, ka yanka faranti mai kauri ɗaya da na motar, ka buga shi a kan kututture har ya ɗauki lanƙwasar. Haka muka yi wa Fijo 504 ba adadi, har da waɗanda aka haɗa a Kaduna, wasu har yau suna ɗaukar kaya.

Sadiq Columbus: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ma zuciyata ta fi kwanciya da haka don tsoron yankan nake ji

Nura Detroit: Baba da girmanka, a nan zan ɗan saɓa maka. Tsatsar Kano da tsatsar Ohio ba uwarsu ɗaya ba. Ta wajenku ruwan damina ne ya kwanta a wuri ɗaya ya ci nan, rani ya zo ya busar. Ta nan ruwan gishiri ne yake shiga tsakanin ƙarfe biyu da aka haɗa, ya ci daga ciki ya fito waje, lokacin da ka ga ƙurji a fenti to ciki ya riga ya gama. Bakin tayar nan da Sadiq yake magana ba falle ɗaya bane, fatar waje ce aka haɗa da kwarin taya na ciki, kuma a daidai haɗin ruɓar take farawa. In ya yi faci a waje ya bar na cikin, shekara biyu ƙurajen za su dawo a kan sabon fentin da ya kashe wa kuɗi. Sannan Baba kai hannunka ya shekara 41 yana buga ƙarfe, shi fa ɗan koyo ne, bakin tayar Mustang yana da lanƙwasa ta fuska biyu ga kuma layin da ya taho tun daga ƙofa, ba abin da mutum zai buga a kututture ranar farko bane.

Baba Lawandi Fanel Bita: To ai ɗan koyon ne kake so ya yanke rabin mota? Wanne ya fi haɗari

Abba Zongo: Tab, Baba ya kawo wuta 😂

Nura Detroit: Hhh Baba ka kama ni a nan. Amma bari in faɗi dalilina. Cikakken fanel yana ƙarewa ne a inda kamfani ya haɗa na asali, bakin ƙofa, bakin but, ƙasa wajen dogarin ƙofa, sama kuma a jikin rufi. Duk waɗannan wurare ɗigon walda ne, ka huda tsofaffin ɗigon da dirila, ka yi wa sabon fanel ramuka na mili 8, ka matse ka cike ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ɗan koyo zai iya wannan. Faci kuwa dole ka ja walda doguwa a tsakiyar fili, a kan ƙarfen da kaurinsa bai wuce mili ɗaya ba, zafi kaɗan ya yi yawa sai fanel ɗin ya murɗe ya zama kamar igiyar ruwa, daga nan sai a koma gidan jiya wato fila.

Sai dai in faɗi gaskiya kar a ce na ɓoye, sabbin fanel ɗin nan ba Ford ke buga su ba, yawanci daga Taiwan ake kawowa kuma ingancin ya bambanta. Na taɓa sayen na wani kamfani da bazan kama suna ba, na kwana uku ina yanka ina ƙarawa kafin ya yarda ya haɗu da murfin but. Ba a ɗora shi kamar hula.

Baba Lawandi Fanel Bita: Ka ga ka dawo maganata. Kuma wannan murɗewa da kake tsoro laifin mai walda ne ba laifin faci ba. Mu da gas da kabayid muke yi, wutar da ta fi taku yaɗuwa, amma ana yi ana bugawa da guduma da dali, wato ƙarfen da ake tare bayan wurin da shi, tun da zafinsa, ƙarfen ya miƙe. Walda tana jan ƙarfe ne in ta huce, guduma ke mayar da shi.

Injiniya Rabi'a: Sannunku. Ni ba mai walda bace, aikina fenti da kariyar ƙarfe ne, amma maganar Baba ta ƙarshe daidai ce. Waldar gas tana da laushi tana karɓar guduma, ta MIG tauri gare ta, in ka matsa mata da duka tana iya tsagewa. Shi ya sa mai MIG baya jan layi, ɗigo yake yi nan, ya tsallaka can nesa ya yi wani, ya bari ya huce har ya iya dafa wurin da hannu, a haka a haka har ɗigon su haɗe. Waya siririya ta mili 0.6, gas kuma argon kashi 75 da CO2 kashi 25. Ko wajen goge waldar da giranda ma a hankali, giranda ma tana murɗa fanel.

Abin da nake so in ja kunne a kai biyu ne. Na farko Baba ka yi haƙuri, a bar tagulla. Na san a garejojinmu ana son cike haɗi da ita don tana gudu da sauƙi, amma garin da ake sa mata yana maƙalewa a lungu ya tayar da fenti daga baya, kuma duk inda tagulla ta taɓa walda bata ƙara kamawa sai an yanke wurin. Na biyu kar a ɗora faci a kan tsohon ƙarfe baki ya hau baki. Wannan ɗan tsakanin da aka bari ɗakin ruwa ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baki da baki za a haɗa su a cike.

Baba Lawandi Fanel Bita: Hajiya Injiniya maganar tagulla gaskiya ce, mai mota ne ke cewa yana sauri kuma kuɗinsa kaɗan. In an bar mu da lokaci ba ma sa ta.

Mubarak GTO: Ni fa kullum ina jin ana ce wa Mustang motar ƙarfi, wato ajin motocin Amurka masu ƙaton inji, amma Mustang mai 289 ba ta cikin wannan layi. Asalin abin Pontiac GTO ce ta 1964, matsakaicin bodi da ƙaton inji, sai irinsu Charger da Chevelle SS. Mustang ajinta daban, su Camaro ne 'yan ajinta. Da mai 390 ce ko 428 sai mu yi magana

Sadiq Columbus: Mubarak tsatsa bata tambayi girman inji ba kafin ta ci 😅

Admin Garba: Mubarak wannan musun mun yi shi sau uku a gidan nan, dan Allah a bar shi a tsaya kan bodi.

Maman Hanif: Ni tambayata ɗaya, in an canza gefe an canza daɓe an canza ƙofa an canza bonet, to wace mota ce ta rage? Ba gara ka sayi sabuwa ka huta ba

Nura Detroit: Maman Hanif wannan tambaya taki ita ce ake ta rigima a kanta a nan ma. Akwai kamfani Dynacorn da yake saida bodin Mustang sabo fil gaba ɗayansa da lasisin Ford, ka kawo inji da giya ka ɗora. Amma lambar motar tana buge ne a jikin ƙarfen cikin mudgad na gaba, ta 1968 kuma akwai wata a wajen gilas ɗin gaba, kuma cire lamba daga wata mota a manna wa wata babban laifi ne a Amurka in ba ta hanyar hukuma aka bi ba. Sadiq in aiki ya kai ka wajen nan kar ka jefar da ƙarfen da lambar take, ka ɗauki hoto, ka tambayi ofishin rajistar motoci na jiharku kafin ka yanka.

Kuma masu kuɗin abin asali suke bi. Mustang 1968 koriya da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, an yi gwanjonta a Florida a Janairun 2020 dala miliyan 3.74, da tsatsarta da lotsewarta ba a gyara ba.

Baba Lawandi Fanel Bita: To kun ji. Da tsohuwar zuma ake magani

Ɗan Maraɗi: Baba wannan don ɗan fim ya hau ta ne, ta Sadiq kaji ne suka hau ta a rumbu

Sadiq Columbus: Ɗan Maraɗi Allah ya shirye ka hhhh. Bari in je in yi gwajin ruwan da Nura ya ce, gobe Asabar bana aiki.

Injiniya Rabi'a: Kafin ka kunna giranda Sadiq. A motar nan saman tankin mai shi ne daɓen but, babu wani ƙarfe tsakani, to tankin ya fita daga motar ya bar garejin gaba ɗaya kafin tartsatsi ɗaya ya tashi, ko da ka ga babu mai a ciki, tururin ne ke fashewa. Sannan haɗin da ke tsakanin rufi da gefen baya da darma kamfani ya shafe shi, kar ka goge ta da giranda ka shaƙi ƙurar, kuma kar yara su shigo wurin. Ana ɗumama ta ne a hankali a share, a waje ko ƙofa a buɗe, da abin rufe hanci na gaske ba ƙyallen korona ba. Ka rufe gilasai ma, tartsatsin giranda yana nutsewa a gilas baya fita.

Sadiq Columbus: Jama'a na dawo, kuma gani ya kori ji. Na cire kujeru da kafet, ƙanina ya zuba ruwa a ragar, wallahi ko rabin bokiti bai kai ba ruwa ya fara zuba a fuskata ta ɓangaren direba, ɓangaren fasinja ma yana ɗiga. Daɓen gaba na hagu ina ganin simintin gareji ta cikinsa, wani ya taɓa shimfiɗa kwano ya kama da ribit ya shafe da kwalta. Na cire tayar baya na leƙa, kwarin tayar na waje ya ruɓe kamar yadda Nura ya faɗa, da ɗan ƙarfen da ya sauka daga but ta bayan taya. Amma na kankare gefen daga sama, daga layin tsakiya zuwa rufi ƙarfe ne fari tas babu fila ko kaɗan. Inda sifirin na baya ya kama na buga da guduma yana ƙara lafiya. Yanzu kaina ya kulle, tsugune bata ƙare ba

Nura Detroit: To alhamdulillah da ƙashin bayan yana da lafiya, wannan shi ne babban labari. Motar nan bata da shasi daban, bodin ne shasin, shi ya sa ba a fara wa daga kwalliya. Ka manta da gefen baya tukuna. Kawul ne farko don shi ke kawo ruwan, kuma ba ƙaramin aiki bane, gilas zai fita, mudgad biyu za su fita, ɗigon waldar da za ka huda sun fi ɗari. Daga nan daɓe, sai kwarin taya, fatar waje ita ce ta ƙarshe. In ka sa sabon daɓe ka bar kawul to ka yi wa ruwa sabuwar tabarma ne kawai. Ka duba ƙarƙashin batir ma, ruwan batir yana cin wurin.

Baba Lawandi Fanel Bita: Nura a nan na bi ka, ban san ciki ya kai haka ba, faci ƙarami ba zai yi ba. Amma kai ma ka ji abin da yaron ya ce, sama lafiya lau. Don me za a taɓa rufi da darma da bakin gilas ɗin baya a kan ruɓar da take ƙasa? Ya sayi sabon fanel ɗin, amma kar ya sa shi duka. Ya yanki rabin ƙasa daga jikinsa, ya haɗa kusa da layin nan na jiki, kamar yatsa ɗaya daga layin, don wurin lanƙwasa yana da ƙarfi baya murɗewa kamar fili. Kuma ya zaɓi inda hannunsa zai kai ta cikin but ya riƙe dali.

Nura Detroit: Wannan kam na yarda Baba. Ana ma saida rabin fatar kawai, amma gara ya sayi babba ya yanka yadda yake so.

Baba Lawandi Fanel Bita: Kuma ɗana ka ji wannan da kyau don shi ne yara suke kuskure. Kar ka cire ƙofa. Ka gyara hinjinta ka daidaita ta da tsohon gefen tun kafin ka yanka, ita ce ma'auninka, sabon ƙarfe ita zai bi. Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan. Kafin ka cire daɓe ka gicciya ƙarfe a cikin motar ka ɗana da walda don kar ta buɗe, motar kuma ta zauna daidai ba a kan jak ɗaya ba. Ka ɗora fanel ka kama da sukurori, ka rufe ƙofa ka rufe but ka ja baya ka kalla, ka cire ka gyara ka mayar, ko sau goma ne. Wuta ita ce ƙarshe.

Injiniya Rabi'a: In ƙara nawa. Inda ƙarfe biyu za su kwanta a kan juna a fesa faraima mai zink kafin walda. Bayan walda efoksi faraima ciki da waje, sai a bi haɗin da abin toshe haɗi, lungunan da hannu baya kaiwa a fesa musu kakin hana tsatsa bayan an gama fenti. Fila ba haram bace amma shafe ce, kar ta wuce mili 3, kuma tana shan ruwa kamar soso, in akwai ƙaramin rami a waldar ta baya zata jiƙe. Ka kashe wutar gareji ka haska tocila ta cikin but, duk inda haske ya fito ka koma ka cike. Baƙin fentin da sabon fanel yake zuwa da shi ma ka goga tina a tsumma ka gwada, in ya fita a tsumman to kankare shi duka.

Abba Zongo: Sadiq lissafi na nuna sai Hanif ya yi aure za a hau motar nan

Maman Hanif: Abba bar min ɗana, aji uku yake 😂

Sadiq Columbus: Na gode ƙwarai jama'a, Baba Allah ya saka da alheri, Injiniya da Nura na gode. Na fasa odar fanel ɗin a yanzu. Akwai tsohon mudgad da dattijon ya haɗo min da shi wanda ya riga ya lalace, zan yayyanka shi in dinga koyon haɗa baki da baki a kai har in daina huda ƙarfe. Yau dai tanki zan sauke.

Baba Lawandi Fanel Bita: In ka yi waldar ka juya bayanta ka ɗauko min hoto, ta baya nake son gani ba ta gaba ba.

Sadiq Columbus: To Baba, insha Allah zuwa Lahadi. Nura wane girman abin huda ɗigon zan saya?

Nura Detroit: Mili 8 ko 10, ka sayi uku don na farko zai karye.